Me Ya Sa Batirin Makullin Mota Ke Mutuwa Ba Sallama? Fashin Baƙi Kan Cip Mai Auna Ragowar Caji

Wayar hannu tana gaya maka saura kashi 37 cikin 100, sai ka fara neman caja tun da wuri. To me ya hana rimot ɗin mota, da na'urar gwajin suga, da mitar ruwan da ke maƙale a bangon gida su yi haka? Jiya lafiya lau, yau shiru. Tambaya ce da ake yawan ji a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, da shagunan gyaran makulli na Jidda da Makka, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce kamfanoni ne ke ɓoye mana don mu yi ta sayen sabo.

Maganar ta zo daidai lokacin da Saudiyya ke shiga harkar cip, wato ɗan guntun silikon mai ɗauke da da'irorin lantarki da ke tafiyar da na'ura. A watan Fabrairun 2024 asusun zuba jarin gwamnati, PIF, ya kafa kamfanin Alat da shirin zuba dala biliyan 100 kafin 2030. A watan Yunin shekarar kuma aka ƙaddamar da cibiyar cip ta ƙasa a Riyad, da burin jawo kamfanoni 50 masu zana cip kafin 2030. Da yawa daga cikinmu da an ce cip sai hankalinsu ya tafi kan kamfanin Nvidia na Amurka da ƙirƙirarriyar basira. Alhali akwai wani ɗan cip da ba a jin sunansa, wanda aikinsa kawai ya faɗi nawa ya rage a batirin da ba a yi masa caji, kuma zana shi na daga cikin ayyukan da ke sa ƙwararren injiniya gumi.

Wane batir ake magana a kai?

Batirin waya da na kwamfuta litiyam-ayon ne, ana cika shi a sake cikawa. Wanda muke magana a kai yana ɗauke da ƙarfen litiyam ne tsantsa, kuma sau ɗaya yake rayuwa. Harafin farko da ke jikinsa shi ke faɗin abin da ke cikinsa. Mai CR, kamar CR2032 na rimot ɗin mota da AirTag, 'yar na'urar bin sawun kaya da alhazai ke jefawa cikin jaka, litiyam ne da manganis, yana ba da bolt 3. Lambar kuwa girma ce: faɗin milimita 20, kaurin milimita 3.2. Mai FR shi ne wanda ya yi kama da batirin tocila, bolt 1.5. Mai ER kuma, litiyam da tayonil kuloraid, bolt 3.6, ba kasafai ake ganinsa a baƙala, wato kantin unguwa, ba. Shi ake rufewa cikin mitar ruwa da ta gas, da na'urorin bin diddigin kwantena, da kayan awo da ake zurawa cikin rijiyar mai, inda zafi kan kai digiri 150. Kamfanoni irin su Saft na Faransa da EVE na Sin ne ke ƙera shi, kuma ana sa ran ya yi shekara 10 ko fiye ba wanda ya taɓa shi.

Wannan na ƙarshe shi ne mai taurin kan.

Abin da ya sa mitar mai gyara ke yaudara

Hanya mafi sauƙi ta sanin halin batir ita ce a auna ƙarfin turin wutarsa, wato bolt nawa yake bayarwa. A batirin tocila na yau da kullum hanyar tana aiki: sabo yana wajen 1.5, yana tsufa yana sauka a hankali har ya kai wajen 0.9. Na waya ma yana gangarowa daga 4.2 zuwa kusan 3. Akwai gangara, don haka inda ka tsaya a kanta yana faɗin tafiyar da ka yi.

Batirin ER ba shi da gangara. Yana sabo 3.6, ya ci rabi 3.6, ya kusa ƙarewa ma kusan 3.6, sai a ƙarshen ƙarshe ya rufta lokaci guda. Wannan ba aibi ba ne a wurin masu ƙera mita, don na'ura tana son wutar da ba ta rawa. Amma ga mai son sanin ragowar caji, batirin bai ba shi komai ba. Na CR ya ɗan fi shi faɗin gaskiya, sai dai shi ma yana da nasa makircin. Ɗora masa mitar awon bolt ba tare da wata na'ura na jan wuta daga gare shi ba, sai ya nuna 2.9 ko 3, mai shago ya ce maka, "Alhaji, batirinka lafiyarsa ƙalau." Ka mayar cikin rimot, ka danna, rimot ya nemi wuta da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, ƙarfin ya zube ƙasa da abin da zai iya tayar da shi. Dalili shi ne turjiyar cikin batirin, wadda ke hana wuta fita da sauri, tana ƙaruwa yayin da yake tsufa, kuma mitar da ba ta jan komai ba za ta gan ta ba. Mai shagon bai yi ƙarya ba, tambayar da ya yi wa batirin ce ba ta dace ba.

Akwai kuma kishiyar haka. Batirin ER idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi, wani siririn ɓawo na gishirin litiyam kuloraid yana rufe fuskar litiyam ɗin. Ɓawon nan shi ne sirrin daɗewarsa, don yana hana shi cinye kansa. Amma ranar da aka nemi wuta mai yawa farat ɗaya, sai ƙarfin ya faɗi na ɗan lokaci kafin ɓawon ya tsage ya farfaɗo. Na'urar da ba a koya mata wannan hali ba sai ta yi shelar batir ya mutu, alhali a cike yake. Ke nan kuskuren na iya zuwa ta kowane ɓangare: matacce ya yi kama da mai rai, mai rai ya yi kama da matacce.

Ƙirga abin da ya fita

Tunda batirin ya ƙi faɗa, sai injiniyoyi suka koma lissafi. Ka ɗauka rumbu ne aka cika da gero aka liƙe, ba damar leƙawa. Ka san mudu nawa aka zuba, sai ka ajiye mai gadi a ƙofa yana rubuta duk mudun da aka ɗiba. Ka cire abin da ya fita daga abin da ya shiga, ka sami ragowa. Haka cip ɗin ke yi: yana auna wutar da ke fita da tsawon lokacin da ta ɗauka tana fita, yana tarawa. Ma'aunin shi ne mAh da muke gani a jikin batir, wato yawan cajin da yake ɗauke da shi. CR2032 yana ɗauke da kimanin 225, batirin ER mai girman na tocila wajen 2,600, babbansa mai lamba ER34615 kuwa 19,000.

A takarda abin ba wuya. A aikace matsaloli ne jibge.

Ta farko, mai gadin shi ma daga rumbun yake ci. Shekara tana da awa 8,760. Cip ɗin da ke jan maikro'amfiya 10, wato kashi 10 cikin miliyan na amfiya ɗaya (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja), zai sha kusan mAh 88 a shekara. A waya wannan ba abin magana ba ne, caji ɗaya ya mayar. A CR2032 kuwa, shi kaɗai zai ƙarar da batirin cikin shekara biyu da rabi ko rimot ɗin bai yi aikin komai ba. Mitar ruwa mai batirin 2,600 da ake son ta yi shekara 10, duk kasafinta bai wuce maikro'amfiya 30 ba, kowa da kowa a ciki: sensa, ƙwaƙwalwa, allo, rediyo. Ba za a bar cip mai awo ya ɗauke sulusin wannan ba. Shi ya sa ba a iya ɗauko cip ɗin da ke cikin waya a dasa a nan, dole a zana wani daban.

Ta biyu, tazarar da ke tsakanin barci da farkawa. Irin waɗannan na'urori kusan kullum barci suke, suna jan maikro'amfiya biyu ko uku. Sai su farka su aika saƙo ta hanyar sadarwar waya, su ja miliamfiya ɗari biyu ko fiye na daƙiƙoƙi (miliamfiya ɗaya maikro'amfiya dubu ce), a tsohon layin GSM ma har amfiya 2 a ɗan ƙanƙanin lokaci. Tsakanin ƙarami da babba ninki dubu ɗari ne zuwa miliyan. Yadda aka saba awo shi ne a sa rizista, wato 'yar na'ura mai turje wa wuta, a hanyar wutar a auna bolt ɗin da ya faɗi a kanta. In rizistar babba ce, za ta ga wutar barci, amma ta shaƙe na'urar lokacin aika saƙo. In ƙarama ce, saƙo zai wuce lafiya, wutar barci kuma ta ɓace cikin kuskuren ma'aunin. Kuma kuskuren taruwa yake: karkatar maikro'amfiya ɗaya tak, in ta yi shekara 10, ta zama mAh 88 da ba a san inda suka shiga ba.

Ta uku ita ce babban bambanci da waya, kuma ita mutane suka fi mantawa. Cip ɗin waya ma yana kuskure kullum, amma duk ranar da ka cika ta dam sai ya ga alamar cika ya gyara lissafinsa ya sake daga farko. Batirin da ba a yi wa caji ba shi da wannan rana. Kuskuren shekarar farko yana nan har shekara ta goma.

Ta huɗu, gara na ci daga ciki, ba ta ƙofa ba. Batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a amfani da shi, kuma wannan asarar ba ta bi ta wayar wuta balle a ƙirga ta. Haka ma adadin da aka rubuta a jiki ba alkawari ba ne: an auna shi ne a ɗakin gwaji, a wani zafi, da wani jan wuta. Canza ɗaya daga cikinsu, abin da batirin zai bayar ya canza.

Kamfanonin da suka shiga wannan fage kowa da dabararsa. Analog Devices na Amurka yana da LTC3337, wanda ba ya auna wutar kai tsaye. Yana ɗibar ta ne a ƙulli-ƙulli masu girma ɗaya ya zuba a kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta na ɗan lokaci, na'ura ta sha daga can, shi kuma ya ƙirga ƙulli nawa suka wuce. In na'ura tana barci, ƙullin kan zo jefi-jefi, shi ma cip ɗin ya kwanta, yana jan nano'amfiya 100 kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na maikro'amfiya, abin da bai kai mAh 9 ba a shekara 10. Texas Instruments kuma yana da BQ35100, wanda ake tayar da shi lokacin da na'ura za ta ja wuta mai yawa, ya duba yadda ƙarfin batirin ya faɗi, ya lissafa turjiyar ciki, ya adana. A batirin ER, ranar da turjiyar ta fara hawa ba sauka, sai ya yi gargaɗin cewa ƙarshe ya ƙarato. Lura da kyau: wannan hanya ba ta cewa saura kashi 40 ko 60. Abin da take iya cewa shi ne a fara shirin canji. A ganina wannan ya fi gaskiya, don duk lambar kashi da aka nuna maka a irin wannan batir ƙiyasi ne da aka sa wa riga.

Zafin ƙasar nan

A nan maganar ta fi shafarmu. Takardun kamfanoni sukan ce batirin ER yana zubar da wajen kashi 1 cikin 100 a shekara, amma a zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25. Injiniyoyi suna da ƙa'idar ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin irin wannan lalacewa. A lokacin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma wannan zafin iska ne. Akwatin mita da ke fuskantar rana a bangon gida a Riyad, ko motar da aka ajiye a fili tun azahar, cikinsu ya wuce haka. Lissafin da aka gina a kan yanayin Turai zai ce batir yana da sauran shekara uku alhali bazarar Hijaz ta riga ta cinye su.

Cip ɗin kansa ba ya tsira. Silikon yana yoyon wuta, yoyon kuma yana ƙaruwa sosai da zafi, don haka nano'amfiya 100 ɗin da aka yi alfahari da ita a ɗakin gwaji ba ita za a gani da rana tsaka a watan Yuli ba. Nagartaccen cip dole ya riƙa auna zafi lokaci-lokaci, ya riƙe tarihinsa, ya saka asarar ciki a lissafi.

Yadda ake zana shi

Aikin ba ya farawa da kwamfuta, da batir yake farawa. Ana tara batura masu yawa a saka su a tanda-tanda na gwaji masu zafi daban-daban, a ja musu wuta irin yadda na'urar za ta ja, a rubuta halinsu har su mutu. Ba wanda zai zauna jiran shekara 10, don haka ana tsufar da su da gangan ta hanyar ƙara zafi da jan wuta. Rauninsa a fili yake: batirin da aka kashe cikin wata shida ba lallai ya mutu irin mutuwar wanda ya yi shekara 10 yana barci ba, musamman saboda ɓawon nan da ke girma ne idan an bar shi ya huta.

Daga nan sai a zana sassan: agogon da ba ya cin wuta kuma ba ya gudu ko jinkiri da zafi, tushen ƙarfin wuta tsayayye da za a gwada komai da shi, sashen da ke mayar da awo lambobi, ma'aunin zafi, da ɗan wurin ajiya da ba ya mantuwa ko wuta ta ɗauke. Ana gwada zanen a manhajojin kamfanoni irin su Cadence da Synopsys da Siemens, sannan a aika wa masana'anta irin TSMC ta Taiwan ko GlobalFoundries ko X-FAB. Bayan watanni samfuri ya dawo, kuma ba abin mamaki ba ne a sake zagaye na biyu.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne irin wannan cip ba ya bukatar sabuwar fasahar nanomita 3 ko 5 (lambar da ke nuna ƙanƙantar sassan cip) da ake rigima a kanta tsakanin Amurka da Sin. Tsohuwar fasaha ta nanomita 180 ko 130 ta wadatar, ta ma fi dacewa, don ba ta yoyo sosai kuma tana da araha. Ƙananan kamfanoni da jami'o'i kan haɗa zanensu a faranti ɗaya su raba kuɗin ƙira. Tun 2020 ma Google da SkyWater suka saki bayanan fasahar nanomita 130 kyauta ga duk mai son koyo.

A zana, a saya, ko a bari?

Masu cewa a zana na musamman hujjarsu yawa ce. In kana ƙera mita miliyoyi, kuɗin zane da ke da nauyi a farko yana narkewa idan aka raba shi, kuma za ka iya cusa mai awon cikin babban cip ɗin mitar, ka daidaita shi da batirinka da yanayin ƙasarka. Masu cewa a saya a kasuwa sun ce wahalar ba ta kai ba: akwai na Texas Instruments da Analog Devices, ga kuma Nordic Semiconductor na Norwe da ya fito da nPM2100 don ƙananan batura, duk an riga an gwada su.

Ɓangare na uku, wanda shi ne mafi rinjaye a kayan da ke hannunmu, ya ce a bar cip ɗin gaba ɗaya. Manhajar na'ura ta ƙirga sau nawa ta farka da sau nawa ta aika saƙo, ta ninka da abin da aka san kowanne yana ci, shi ke nan. Ko kuma a saka batir babba fiye da bukata, a canza shi a kan jadawali. Ga rimot ɗin mota ina tare da su ɗari bisa ɗari. Batirin 'yan riyal ba ya bukatar mai gadin da ya fi shi tsada, kuma wannan, ba wata maƙarƙashiya ba, shi ne dalilin da rimot ɗinka ba ya nuna kashi.

Lissafin yana juyawa ne idan kai wa ga batirin ya fi batirin tsada. Tura ma'aikaci da mota ya canza mita ɗaya ya ninka kuɗin batirinta sau da yawa. A canza da wuri, an zubar da caji mai kyau an kuma yi asarar tafiya. A makara, mita ta yi shiru. A rijiyar mai kuwa, batir ya mutu a ƙasa yana nufin a tsayar da haƙa a zaro bututu duka. Likitocin zuciya sun bi wata hanya tun tuni: batirin litiyam da aidin da aka fara sakawa a na'urar daidaita bugun zuciya a 1972 yana tsufa ne a bayyane, turjiyarsa na hawa sannu a hankali, don haka na'urar kan ba da gargaɗi watanni kafin ƙarshe.

Game da burin Saudiyya, ra'ayina shi ne irin wannan ƙaramin cip ya fi kusa da hannu fiye da gasa da manyan duniya. Ba ya bukatar masana'anta a gida, kasuwarsa tana nan a ruwa da mai da sufuri, kuma sanin yadda batir ke tsufa a digiri 50 ilimi ne da wanda ke zaune cikin zafin ya fi kowa damar tattarawa. Shirin cip da cibiyar kimiyya ta KACST da jami'ar KAUST suka fara a 2022 yana horar da masu zane, kuma 'ya'yanmu da ke karatun lantarki a nan, ko ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da ke jami'ar Sarki Fahad a Zahran, su sani cewa masu iya zana da'irar da ke aiki da nano'amfiya ba su da yawa ko a duniya.

Abin da ya shafi mai gida da direba

Kamfanin lantarki na Saudiyya ya kammala saka mitoci na zamani miliyan 10 a 2021, amma su daga layin wuta suke sha. Mitar ruwa ce ta dogara kacokan da batirin da ke cikinta, kuma idan ta daina aika karatu, abin da ya rage shi ne ƙiyasi ko a zo a duba da ido, daga nan kuma rigimar fatura, wato takardar biyan kuɗi, ke tasowa tsakanin mai gida da 'yan haya. Mitar da ta san ta kusa mutuwa tana iya kiran a zo a canza ta kafin a kai ga haka.

Direbobi kuma su san cewa sensar iskar taya tana da nata batirin a liƙe a ciki, ba a buɗewa. Yakan yi shekara 5 zuwa 10, zafin kwalta na rage masa kwana, kuma idan ɗaya ta mutu sauran ukun suna hanya, don haka lokacin canza taya ne ya fi arahar canza su.

Duk cip ɗin da ke ƙirga abin da ya fita ya ɗauka ne cewa an saka masa batir sabo, cikakke, na gaske. Ka saka masa jabu daga haraj, wato kasuwar gwanjo, ko wanda ya shekara biyu a shagon da ba sanyi, zai ci gaba da gaya maka akwai saura har ranar da na'urar ta ɗauke. Shi ya sa na'urar gwajin suga, wadda lafiyar mutum ta rataya a kanta, ta cancanci batir mai kwanan wata a jikin kwali da kuma wani a ajiye, nesa da yara, don ƙaramin batirin nan idan yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Kada a gwada yi wa CR ko ER caji, suna iya fashewa. Wanda kuma ya tsinci ER14505 a cikin tsofaffin kaya kada girmansa ya ruɗe shi ya saka a tocila ko rimot ɗin talabijin: jikin na batirin tocila ne, amma bolt 3.6 yake bayarwa a inda ake jiran 1.5.